Mun Je Doguwa Neman Gashi

Mun bar Bebeji da asubar wata Talata, liman bai daɗe da sallame salla ba. Mu uku ne da jaki ɗaya: ni, da 'yata ta fari, da ƙanen mijina da aka haɗa mu da shi ya yi mana rakiya. Tun da muka dawo mata ke cika mini tsakar gida da tambaya, wadda ta zo kitso da wadda ta zo jin gulma, har bakina ya gaji. Shi ya sa na zaunar da ƙanen mijin nawa, tunda ya yi ajin yaƙi da jahilci ya iya boko, na ce ya rubuta ina faɗa. Na kuma gargaɗe shi, duk inda labari ya biyo ta kansa kada ya tsallake, don zan sa a karanta mini.

Ni mai kitso ce, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina ji da hannuna. Shekara goma sha biyar ina wannan sana'a, abin da aka san ni da shi kuwa shi ne kitsona ba ya tsufa da wuri. In na kama kitson zane na ja shi tun daga tushe, sai ki yi wata guda cif kina daka kina ɗaukar tulu, ko sili ɗaya bai tashi ba. Mace takan tashi daga gabana fatar goshinta a ɗame, idanunta sun yi sama, tana murmushin dole, ni kuwa in ce mata, "Kwana biyu ne, zai saki."

To, kan 'yata ne ya lalace. Shekarunta goma sha biyu. Tun bara gashin gaban goshinta ya fara ja da baya, ta dama da ta hagu, kamar gonar da akuya ke ci daga gefe. Kafin damina ta ƙare wurin ya yi fili, faɗin yatsu uku kowane gefe. Sa'o'inta suka sa mata suna a dandali, sunan da ba zan maimaita ba. Ta daina fita. Ta riƙa jawo ɗankwali har bisa gira, ko wanka za ta yi da shi take shiga. An ce makero ne, muka shafa abin da aka ba mu. An ce iska ce, aka yi turare. An ce wata mai kitson ce ta yi mini sammu ya faɗa kan yarinya, wannan kuwa na fi yarda da shi, don ya fi daɗin ji. Gashi dai sai ƙara gudu yake yi. Abin da ya hana ni sukuni shi ne na sha ji ana cewa in tushen gashi ya mutu ba ya tashi har abada, ko da kan yarinya ne. Ana cikin haka wata mai tallan nono ta ba ni labarin wata tsohuwar Bafillatana a wata ruga bayan Doguwa, wai duk kan da ta taɓa sai ya fito da gashi.

Akwai abin da ya kamata in faɗa tun yanzu. 'Yar fari ce, kun kuwa san yadda muke da 'ya'yan fari. Ba na kiran sunanta, ba na hira da ita, in mutane na nan ko kallonta ba na yi sosai. Ana yaye ta kakarta ta ɗauke ta, ba ta dawo ɗakina ba sai da tsohuwar ta rasu, tana da shekara bakwai. Har yau "Yaya" take ce mini. Da na ce zan kai ta Doguwa da kaina, sai da mata suka yi ta riƙe baki, wai ba ni da kunya. Na ce ai ba don ita zan je ba, don sana'ata ne, kada a ce mai kitso 'yarta ba gashi. Na faɗa ne kawai don su bar ni in tafi.

Hanyar Kiru turba ce ta ƙafa mai ratsa gonaki. Kaka ce, an tuge gyaɗa an kife ta tana shan rana, dawa ta sunkuyar da kai, raɓa ta jiƙa mana zannuwa har gwiwa. Yarinya na kan jaki, ina biye, ƙanen mijina na gaba yana zuba surutu. Shi ma fa ba don Allah kaɗai ya biyo mu ba. Bai kai shekara talatin ba, amma sanƙo ya share masa tsakiyar ka tas, in ya cire hula a rana sai ka kau da ido. Wani tsohon soja ya taɓa gaya masa cewa a wajen yaƙi ya ga likitocin Turawa sun yanko fata daga cinyar mutum sun dasa masa a fuska, ta kuma kama. Tun ran nan ya ƙudurta a ransa cewa gashi ma ana dasa shi. A ganinsa gemu ya yi masa yawa, kai ya yi masa kaɗan, in aka ɗebi rabi daga ƙasa aka mai da sama kowa ya huta. Har ya tsara inda za a fara, daga gaba ne, layi-layi, yadda ake dashen albasa a fadama. Na ce masa in ya kama kada ya manta da ban-ruwa safe da yamma.

Mun isa Kiru da hantsi, muka sauka gidan yayar mijina. Mutanen Kiru akwai karɓar baƙo, kafin mu gama gaisawa an kawo fura da nono, ga rake an kankare. Raken fadamarsu ya fi namu zaƙi, na kobo guda ma ba ka iya shanye shi kai kaɗai. Amma zaman bai yi mini daɗi ba. Gwaggon yarinyar, da jin abin da ya fito da mu, sai ta miƙa hannu ta fizge mata ɗankwali a gaban matan gida da na maƙwabta, don su gani su ba da shawara. Suka zagaye ta, kowacce tana dangwala yatsa tana salati. Yarinyar nan ta sa ido a ƙasa, ba ta motsa ba, ba ta yi kuka ba. Zuciyata ta yi ta tafasa, amma uwar 'yar fari ba ta sa baki a irin wannan. Na juya ina kallon kaji. Na ji haushin kaina ranar, ko tuwo na kasa ci.

Washegari muka bar jakin a can muka taka a ƙasa zuwa Dangora, don a nan ake tarar motocin da ke yin kudu. Muka zauna gindin wata tsamiya tun walaha har azahar ta gota. Wanda bai iya jira ba kada ya ce zai shiga mota. Can sai ga wata babba ta taho tana nishi, shaƙe da buhunan dawa za a kai wa leburorin haƙar kuza a Riruwai. Direban ya sauko da hula a karkace, kowa na ce masa ranka ya daɗe. Ya yanka mana sule uku-uku zuwa Doguwa, yarinya rabi. Ƙanen mijina ya cire hula ya nemi ragi, wai shi bai ɗauko nauyin gashi ba. Direba ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ko anini bai rage ba.

Ranar na fara shiga mota a rayuwata. Muka hau can bisa buhuna, na ƙanƙame wata igiya ina karanta duk abin da na iya, itatuwa na gudu baya. Ba mu yi nisa ba iska ta ɗauke hular ƙanen mijina, muna kallo ta yi sama ta faɗa gonar wani. Ya yi ta bugun jikin mota yana ihu, direba ko waiwaye. Rana kuwa ta samu wuri. Dole na ara masa tsohon zanena ya naɗa a ka, ya zauna bisa dawa kamar mai jego, ga shi yanzu da nake faɗar wannan na ga alƙalaminsa ya tsaya, to ya ci gaba da rubutu. Sai na ji wata 'yar dariya a bayana. Yarinyar ce, ta danne ɗankwalinta da hannu biyu don kada iska ta yi mata irin ta baffanta, tana ta ƙyaƙyatawa. Rabon da in ji wannan muryar tun kafin damina. Ban juya ba, amma na kasa kunne har ta gama.

Mun shiga Tudun Wada gab da magariba, direba ya ce ba ya shiga daji sai da rana. Muka sauka gidan wani fatoma mai saukar baƙi, maza a zaure, mu a cikin gida. Matar gidan, wata dattijuwa mai faran-faran, ta tuƙa mana tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa da ta sha daddawa. Ni fa duk inda na shiga kan mutane nake fara kallo, ciwon sana'a ne. Da ta zame kallabi za ta yi alwala na ga kitsonta, wasu manyan kalaba a sake, ko'ina ya tashi. Na ce a raina wannan ai kitson ganin dama ne, a Bebeji ko kyauta ba mai zama a yi mata shi. Amma na lura gashinta ya sauko mata har goshi, baƙi da fari, cunkus, ga ta da jikoki. Na ce halitta ce, na bar maganar a nan.

Da gari ya waye muka shiga dajin Falgore. Ni da na tashi inda kake hango ƙauyen gaba daga bayan gidanku, ban san itatuwa na iya haɗa kai su rufe sama ba. Sanyi ya sauko, hira ta mutu, har ƙanen mijina ya yi shiru. Wasu birai manya-manya suka fito garke guda suka zauna a bakin hanya suna kallonmu, ba tsoro ba kunya. Hanyar kuwa damina ta cinye ta. A wani rafi mota ta kafe, aka sauke maza duka da rabin buhunan, aka yi ta saran rassa ana cusawa ƙarƙashin taya, ana turi ana kabbara. Mu mata muka zauna kan dutse muna ba su shawarar da ba su nema ba. Sai bayan azahar muka fita, muka fara hango duwatsu shuɗi-shuɗi a gabanmu.

Doguwa ba kamar wajenmu ba ce. Ciyawa na nan kore shar, ruwa na gudu a rafuka alhali namu sun fara ƙafewa. Masara suka fi ci, ga dankali da gwaza arha. A kasuwa na ji harsuna biyu ko uku da ban san su ba, amma da ka yi sallama za a amsa maka da Hausa. Muka tambayi masu nono labarin tsohuwar, ashe ba wadda ba ta san ta ba. Ɗaya daga cikinsu ta ce mu kwana, da sassafe za ta biyo ta tafi da mu. Da yammar nan na zaunar da yarinyar na tsefe mata kai, na yi mata sabon zane ƙanana-ƙanana, na ja shi da kyau, don kada tsohuwa ta gani ta ce 'yar ba ta da mai kula da ita.

Rugar tana gindin wani dutse, ba nisa sosai, sai dai hawa ne. Mun sami tsohuwar tana kaɗa nono a bakin bukka, 'yar ƙarama, in ta miƙe ba ta wuce kafaɗata ba. Muka zube muka gaishe ta, na miƙa goro da ɗan gishirin da na riƙo. Kafin in buɗe baki ƙanen mijina ya riga ni. Ya warware zanen kansa ya durƙusa ya jero mata dukan shirinsa, da gemu da layi-layi da tsohon soja. Ta leƙa kan, ta ƙwanƙwasa shi da yatsa kamar mai sayen tukunya.

"Mahaifinka haka kansa yake?"

"Haka yake, Inna."

"Kakanka fa?"

"Shi ma, Allah ya jiƙansa."

"To, ɗana, wannan gadonku ne, ba ciwo ba ne. Dashen nan da kake faɗa ban taɓa gani ba. Mai yiwuwa jikokinka su riski masu iya shi. Kai dai ka bar gemu inda Allah ya shuka shi, ka nemi hula mai kama kai."

Ya tashi ya tafi kallon shanu, yana cewa dama shi rakiya ya zo.

Sannan ta jawo yarinyar ta zaunar da ita tana fuskantar rana. Ba ta fizge ɗankwalin ba, roƙonta ta yi, yarinyar ta kwance da kanta. Tsohuwa ta dubi sabon zanen nan da nake taƙama da shi, ta ɗauki tsinke ta fara tsefewa a hankali. Duk layin da ta kwance sai ta nuna mini gindinsa. Ƙananan ƙuraje ne a jere, jawur, wasu sun ɗuri ruwa. Gashi yana biyo tsinken, kowane sili da ɗan farin tushensa. Na sha ganin irin wannan a kawunan mutane, nakan ce alama ce kitso ya kamu.

"Wa ke yi mata kitso?"

"Ni ce, Inna. Sana'ata ce." Har na ƙara mata da cewa nawa yana wata guda bai tashi ba.

"Ita duk kwana nawa kike yi mata?"

"Duk Juma'a."

"Kitson da ke wata guda, me ya sa nata duk Juma'a?"

Na ce don mata su ga sabon yayi a kanta su zo. Ta tambayi wa ke yi mini nawa, tunda mai kitso ba ta yi wa kanta. Na ce maƙwabciyata ce, wata mai sanyin hannu, kullum ina yi mata tsiya. Sai ta ce in kwance kallabi in zauna a gabanta. Ta tsefe mini gaban kai, ta tsaga layi, ta kama, ta ja. Hannun da ya saba tatsar shanu ba abin wasa ba ne. Ta dubi yarinyar.

"'Yar nan, haka uwarki ke ja?"

Yarinya ta shiga wasa da bakin zane. Tsohuwa ta ce ta faɗi gaskiya, ba mai dukanta a nan.

"A ƙara kaɗan, Inna."

Ta ƙara. Na ji kamar ana ɗaye mini fatar goshi.

"Yanzu fa?"

"A ƙara."

Ta naɗe gashin a yatsa ta ja har girata ta ɗaga. Hawaye suka zubo mini ba shiri.

"Yanzu ya kusa," in ji yarinyar a hankali.

Layi uku kawai ta yi mini, daga goshi zuwa tsakiyar ka. Shekara goma sha biyar ina ce wa mata kwana biyu ne zai saki, ban san abin da nake faɗa ba. Ashe ba sammu, ba iska, ba makero, hannuna ne. Ina zaune a ƙasa a bakin bukkar mutane, kaina na sarawa, kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

Tsohuwa ta juya ga yarinyar ta ce, "Ke kuma, shekara nawa ana yi miki wannan, ba ki da baki ne? Me ya hana ki ce da zafi?"

Sai yarinyar ta ce, idonta a ƙasa, "In na ce da zafi, za ta daina yi mini."

Wallahi wannan maganar ta fi layi ukun nan ciwo. A nan na san amsar tambayar da na kauce wa. Ranar Juma'a ce kaɗai nake da hujjar ɗora kan yarinyar nan a cinyata, in riƙe shi tun hantsi har azahar, ba mai cewa ba ni da kunya, ai aiki nake yi. Ita ma ashe abin da take jira ke nan duk mako. Ni na yi ta ƙanƙanta layi ina ja don aikin ya daɗe, ita ta yi ta cije baki don kada ya ƙare, har mu biyun muka cinye gashin. Na yi kuka a wurin, ban ɓoye ba.

Tsohuwa ta bar ni na gama, sannan ta ce in matso in gani. Ta karkata kan yarinyar ga rana ta ce in duba ta gefe, ba daga sama ba. A hagu, in ka ƙura ido, akwai wani ɗan gashi mai laushi irin na jariri kwance a fata. Ta ce wannan tushensa da rai, zai tashi. A dama ma akwai shi ta baya-baya, amma can gaba akwai wuri faɗin babban yatsa, sumul, yana sheƙi. Ta ɗora yatsa a kai ta ce, "Wannan ba na yi miki alkawari. In ya fito, ikon Allah ne. In bai fito ba, in sauran ya yi tsawo a kwanto shi ya rufe." Sannan ta tsara mini abin yi. Ba kitso ko na layi ɗaya har ruwan farko ya sauka. Ɗankwali a ɗaura shi sako-sako, a cikin gida ma a bar kan ya sha iska, a riƙa wanke shi da karkashi. Kullum da la'asar a shafa man shanu da yatsu, a murza a hankali. Ta ce zan yi wata biyu ban ga abin kirki ba, kada in karaya, ba kuma za a san iyakar abin da ya dawo ba sai shekara ta zagayo. Na tambaye ta ko akwai wani sirri a man nata in saya. Ta ce man shanu ne irin na kasuwarmu.

"Amma ke za ki shafa da hannunki, kada ki ba kowa. In mata sun yi magana, ki ce ni na sa ki, magani ne."

Layi ukun kuma ta ce kada in tsefe sai na taka Bebeji.

Komowa ta ɗauke mu kwana uku, ba kuma zan iya ba ku labarin hanya sosai ba, don ciwon kai bai bar ni na ga komai ba. Duk ramin da mota ta faɗa a Falgore a goshina nake jin sa. In na kai goshi ƙasa a salla sai na cije haƙori. Dariya ma ta gagare ni, ga ƙanen mijina ya sayi malafa mai igiya a Doguwa, ya ɗaure ta tamau a haɓa, ya zauna yana hararar iska. A Tudun Wada na sake kallon kan matar fatoma, na tambaye ta wa ke yi mata kitso, na ce a gaishe mini da mai kitson. A mota yarinyar ta matso kusa da ni ta ce, "Yaya, in tsefe miki? Ba wanda zai gaya wa Inna." Na ce a'a, a bar shi.

Da muka biya Kiru ɗaukar jaki, gwaggonta ta taso da murna tana cewa a ga abin da aka samo, ta miƙa hannu wajen ɗankwalin. Ban san lokacin da na riƙe mata wuyan hannu ba. Na ce, "Gwaggo, a bar mata kanta." Wata ta ce lallai zamani ya zo. Na ji kunya, ba zan ce ban ji ba, amma ban saki hannun ba sai da ta janye.

Mun shigo Bebeji ranar Litinin da azahar. Yarinyar ce ta tsefe mini layi ukun, gashina ya biyo tsinke yadda nata ya yi. Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya ishe ni. Duk mai aiki a jikin mutane ya kamata a yi masa irin aikinsa ko sau ɗaya. In kuma yaro ya yi shiru a hannunka, ka tambaye shi. Na sassauta hannu, kitsona yanzu mako biyu yake yi. Mata biyu sun koma wajen wata, wai hannuna ya mutu. Wasu kuwa, da na sa suka duba gaban goshinsu a madubi, sun zauna.

Yau mako bakwai da dawowarmu. Gefen hagu ya fara yin baƙi-baƙi, in ka shafa kana jin sa a yatsa. Wurin nan na dama yana nan sumul, kullum ina duba shi ta gefe a rana, ban fid da rai ba. Yarinyar ta fita dandali sau biyu, ɗankwali a tsakiyar ka. Ƙanen mijina ma yana shafa man shanu a ɓoye, ƙudaje ne suka tona masa asiri.

Jiya da la'asar mata uku na zaune a tsakar gida suna jiran a zo kansu. Lokacin shafa mai ya yi, na ce su dakata. Yarinyar ta zo ta kwantar da kai a cinyata, na lakato mai na fara murzawa. Ban kai ga gefen dama ba na ji kan ya yi nauyi, numfashinta ya sauya. Barci ya ɗauke ta, baki a ɗan buɗe. Shekara biyar kan nan yana zuwa cinyata, wuya a sandare, hannu damƙe da bakin tabarma, ban taɓa jin nauyinsa duka ba sai jiya. Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Tashe ta mana, rana na faɗuwa." Na ce su dawo gobe da safe. Ƙafata ta mutu tun daga gwiwa, ban motsa ta ba har aka kira magariba.